Bakin Maroƙi da Bakin Ɗan Jarida: Nazari a kan Sharhin Kokowar Takobi

Duk shekara, idan aka gama girbi aka zuba hatsi a rumbu, sanyi kuma ya fara tsage leɓe, akwai wasu kwanaki kamar goma da ƙasar Nijar baki ɗaya take karkata kunnenta wuri guda. Tela ya rataye rediyo a jikin keken ɗinkinsa, mai shayi ya jingina tasa da gwangwanin madara, ma'aikaci ya sulale daga biro tun kafin la'asar. Mu malaman makaranta kuwa, in dai gasar ba a cikin hutu ta faɗo ba, mun san darasin marece ya mutu ko da ba a sanar ba. Kokowar takobi ke nan. Tun shekarar 1975 da aka buɗe ta a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kunce, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, gasar take yawo daga wannan babban gari zuwa wancan, har ta kai ga siffarta ta yau: jihohi 8, kowace da ƴan kokowa 10, wato mazaje 80 a kan takobi ɗaya.

Sai dai fagen kokowa, komai girmansa, mutum dubu kaɗan yake ɗauka. Sauran jama'a, waɗanda su ne miliyoyi, ba su taɓa shaƙar ƙurar fagen ba. Abin da suka sani game da Kantu, ko Salma Ɗan Rani na Doso, ko Kadade na Tawa, ko Langa-Langa na Damagaram, daga bakin wani suka ji shi, ko kuwa ta idon kamarar da wani ya saita. Makiyayin da ke bayan Dakwaro da tsohuwar da ke zaune a ƙauyen Magarya ba su da ido a fage sai bakin mai sharhi. In ya faɗi daidai sun gani, in ya karkace sun ga karkatacce, kuma ba su da hanyar da za su gane cewa an karkata musu. Yadda ake riƙon wannan amana shi ne abin da nake son mu duba, ni da ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, tun da mu ne ke yawan cewa kokowa gadonmu ce.

Ƙorafin da aka saba ji kowa ya san shi. Mutumin Damagaram ya ce masu sharhi ba sa son nasu, na Tawa ya ce an fi kururuta na Doso, na Difa ya ce su ba a ma san suna nan ba sai ranar da gasa ta zo garinsu. Kowace jiha tana da tabbacin cewa ita ake zalunta, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna cewa rabin ƙorafin zafin kaye ne kawai. Ba zan ɓata tawada wajen raba wannan gardama ba. Mai sharhi mutum ne, uwa ta haife shi a wani gari, ba kuwa a tsammanin zuciyarsa ta ƙi bugawa in ɗan garinsu ya shiga fage. Abin da ya fi damuna daban ne, kuma ya fi wannan wuyar gani: ɗan jarida ya ari bakin maroƙi yana magana da shi, alhali bai ari dokokin roƙo ba.

Roƙo sana'a ce mai ƙa'ida. Makaɗin ƴan kokowa, irin su Sagalo wanda duk mai sauraron rediyo a ƙasar nan ya san muryarsa, ba ya ɓoye aikinsa. Yana zuga gwaninsa a gaban jama'a, yana ambaton uwayensa da garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa, ana ba shi kyauta a bainar jama'a, kowa na gani. Ba wanda ya taɓa zuwa wurin makaɗi neman sanin wa ya fi wani ƙarfi. Haka shi ma ɗan kokowar da ya tsaya tsakiyar fage, layu da guraye a jiki, yana kirari yana cewa shi ne dodo, ba wanda zai kira shi maƙaryaci, domin kirari ba shaida ba ne. Son kai na maroƙi a fili yake, saboda haka ba ya cutar kowa. Mai sauraro ya san ma'aunin da zai auna maganar da shi, ya rage abin da zai rage. Ɗan jarida kuwa da wata riga ya zo. Ya ce mana shi mai ba da labari ne, mun kuma yarda, mun ajiye ma'auninmu. Idan ya yi roƙo a cikin wannan riga, to ya sayar mana da zuga a farashin labari.

A nan ma sai in ce ƴan cali-cali, waɗannan masu barkwanci da ke shiga fage tsakanin karawa da karawa suna kwaikwayon ƴan kokowa, sun fi wasu masu makirufo adalci. Ɗan cali-cali ba ya barin kowa. Zai kwaikwayi tafiyar zakara da irin faɗuwar rago, ya kwaikwayi alƙalin wasa da usur ɗinsa, kuma don ya iya kwaikwayon dole sai ya kalli kowa da kyau. Kallon nan shi ne farkon aikin jarida.

Bari in kawo abin da ya faru a ajina, domin ta nan ne na fara gane girman lamarin. Wata shekara, bayan an gama gasa, na zo wa ɗalibaina na ajin ƙarshe na kwaleji da sharhin wasu karawa da na naɗa a waya daga wani gidan rediyo mai zaman kansa. Darasin nahawu ne, ba na wasanni ba. Na ce su rubuta jimlolin da mai sharhin ya yi amfani da su a daidai lokacin kowane kaye, sa'annan su ja layi ƙarƙashin aikau, su zagaye aikatau. Ba a jima ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, «Mushe, in na jiharsu ya yi nasara shi ne aikau, in kuwa an kayar da shi sai ƙasa ta zama aikau.» Haka abin yake. In nasu ya ci, jimlar takan zo da ƙarfinta: ya ɗaga shi cak, ya maka shi da ƙasa, ya gama da shi. In nasu ya sha kaye sai aikatau ya canza, mai aikin kuma ya ɓace: ƙafarsa ta zame, rairayi ya ci amanarsa, tsautsayi ya gitta, abin ya zo da ƙarar kwana. Wanda ya yi kayen, wanda ya kwashe watanni yana gudu da asuba yana ɗaga buhunan yashi domin wannan daƙiƙa, an fitar da shi daga jimlar nasararsa. Ba a yi ƙarya ko ɗaya ba, sakamakon da aka faɗa daidai ne. An dai ƙwace wa mutum aikinsa da nahawu.

Da muka juya ga Faransanci sai muka tarar da irin wannan dabara da wasu kayan aiki. A can akwai siffar da ake kira voix passive, wadda ke ba mai magana damar ya ce an doke wane ba tare da ya ambaci wanda ya doke shi ba, akwai kuma tarin sifofi da ake rabawa ba daidai ba: wannan jarumi ne mai basira, wancan kuwa mai sa'a ne, ko mai taurin kai, ko mai ɓata lokaci. Ɗan kokowa guda, in ya ja da baya yana jiran dama, a bakin masoyinsa haƙuri ne da dabara, a bakin wanda ba ya son sa tsoro ne. Hausa ma ba ta rasa nata ba. Tsakanin «ya yi dabara» da «ya yi wayo» akwai tazara, haka tsakanin «ya natsu» da «ya noƙe». Wakilin suna kuwa shi ya fi kowa tona asiri. Da zarar mai sharhin gidan da ake saurare a jihohi da yawa ya ce «namu», ya mayar da sauran masu sauraro baƙi a gidansu. Abin dariyar shi ne, sau da yawa wannan «namu» ba a jihar aka haife shi ba, domin ƴan kokowa suna sauya jiha kamar yadda ƴan ƙwallo ke sauya ƙungiya, suna bin inda za a fi kula da su.

Akwai wata karkata da ba ta jiha ba ce, ta aljihu ce, kuma ita ce ta fi yawa. Duk mai sauraro ya san lokacin nan da ake tsaka da karawa, mazaje biyu sun sunkuya kowa na neman ƙafar ɗan'uwansa, sai murya ta katse: Alhaji wane ya ba da jika hamsin, Hajiya wance ta ba da buhun shinkafa, ɗan majalisa wane ya yi alkawarin babur. Kyauta ga ɗan kokowa tsohuwar al'ada ce, ba ni da ja a kanta, da ita mafi yawansu ke ciyar da gida, kuma sanar da ita aikin sanƙira ne tun kaka da kakanni. Amma idan mai sharhi ya zama shi ne sanƙira, lokacin da ya kamata ya kashe wajen gaya mana wane ne ya kama ƙugu, wane ne ya harɗe ƙafa, sai ya tafi wajen jera sunayen masu kuɗi da muƙamansu. Ita ma kamara takan bi sawu. Sau nawa aka bar ɗan kokowa yana shirin shiga, aka juya ana nuna mana rumfar manya, ana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har sai an tabbata ba a tsallake mai rawani ko mai gilashi ba? A zamanin siyasar jam'iyyu abin ya fi muni in zaɓe ya ƙarato, fage ya koma dandalin neman suna. Mai kallo a gida ya zo ganin kokowa, aka nuna masa masu kallon kokowa.

Inda wannan sakaci ya fi yin ɓarna shi ne wajen hukunci. Kokowar takobi ba irin ta dandalin ƙauye ba ce da dattawa ke raba gardama da ido. Tana da rubutattun dokoki da hukumar kokowa ta ƙasa ke aiki da su: waɗanne gaɓoɓi ne in sun taɓa ƙasa an yi kaye, me ake yi in an fita da'irar buhunan yashi, yaushe ake ba mai gudun karawa gargaɗi, yaya ake raba waɗanda lokaci ya ƙare ba wanda ya faɗi. Mafi yawan rigingimun da ake yi a kan waɗannan ne, ba a kan kaye bayyananne ba. To a irin wannan lokaci jama'a ke bukatar mai sharhi fiye da kowane lokaci, ya ce ga abin da doka ta ce, ga abin da alƙali ya gani, ga abin da hoton da aka maimaita a hankali ya nuna. Abin da muka fi samu shi ne ɗayan biyu: ko ya yi shiru ya koma karanta kyaututtuka, ko ya saki wata ƴar magana mai harshen damo, irin su «to, Allah dai ya sani», wadda ba ta zargi kowa ba amma ta shuka zargi a zukatan jiha guda. Washegari sai ka ji a kasuwa da tasha ana cewa an sayar da kokowa. Yau da WhatsApp da Facebook suka shigo, guntun hoton daƙiƙa biyar da aka yanke daga inda mai yankan ya ga dama yakan zagaye ƙasa kafin gari ya waye. An kafa wannan gasa ne da sunan haɗa kan ƴan ƙasa, kowane minista yakan maimaita haka ranar buɗewa. Maganar mai sharhi guda a daren da aka yi hukunci mai rikici tana iya warware abin da jawabin ya ƙulla.

Sai batun wanda ya faɗi. Tsarin gasar shi ne wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa domin jiharsa. Kullum adadin waɗanda ba su faɗi ba yana raguwa, idon ƴan jarida kuma yana raguwa tare da shi, har ranar ƙarshe ya rage mutum ɗaya a kan doki, da rawani da takobi. Wannan dabi'ar gasa ce. Amma mutum 79 da suka rage fa? Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a watan Disamba na 2023, ya kuwa cancanci duk yabon da aka yi masa. Sai dai girman zakara daga girman waɗanda ya kayar ake gane shi. In aka tambayi mai sauraro na yau da kullum ya lissafa waɗanda suka tsaya gaban Isaka a karawar ƙarshe cikin waɗannan shekaru, da irin dabarar da kowannensu ya zo da ita, da inda ta kuɓuce masa, da wuya ya kai rabi. Ba laifinsa ba ne, ba a ba shi labarin ba. An kai makirufo bakin mai nasara ya gode wa Allah da gwamna, wanda ya faɗi kuwa ya kakkaɓe rairayi ya fita ta ƙofar baya. Filayen kokowa na Maraɗi da Doso da Damagaram suna ɗauke da sunayen Kantu da Salma da Langa-Langa, abin a yaba. Labarin mutanen da suka sa waɗannan zakaru zufa kuwa yana cikin kawunan tsofaffi, yana tafiya tare da su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwana goman nan kuma sai shiru. Ɗan kokowa yana nan wata goma sha ɗaya yana noma, yana yawon kokowar kasuwanni da bukukuwa, yana jinyar gwiwa ko kafaɗa da kuɗin aljihunsa. Zaɓen da ake yi tun daga ƙauyuka da gundumomi har a fitar da goman jiha, wanda nan ne ake ganin masu tasowa, nan ne kuma ake yin son kai na gaskiya in za a yi, da wuya ka ji wani gidan jarida ya bi shi daki-daki.

Ba zan tsallake batun harshe ba, ko da yake yana da ƙaiƙayi. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda aka sani da ORTN kafin ya koma RTN a 2022, yana watsa gasar kai tsaye, ana karɓa-karɓa tsakanin Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Wanda ya ji harsuna biyu daga cikin ukun ya san cewa ba sharhi ɗaya ake fassarawa ba, sharhi daban-daban ne. Na Faransanci ya fi kawo tarihi da lissafi, wane ya taɓa haɗuwa da wane, a wace shekara. Na harsunan gida ya fi zafi da karin magana da zuga. Kamar dai an yanke cewa mai jin Faransanci shi ke bukatar sani, mai jin Hausa kuwa nishaɗi ya ishe shi. Wannan raini ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Manomin da ya yi kokowa a ƙuruciyarsa ya fi kowane ɗan boko fahimtar abin da ke faruwa a fage, shi ya fi cancanta a yi masa bayani mai zurfi. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, nauyin da ke kan mai sharhi da Hausa ya ƙaru. Bakanuren Difa da Buzun Agadas da Bafillacen Tilaberi da yawansu ta bakinsa za su bi gasar, ƴan kokowarsu kuma suna cikin fage. In ya riƙa magana kamar Hausawa kaɗai ke sauraro, ko ya riƙa murɗe sunan ɗan kokowar da ba Bahaushe ba yana mayar da shi abin raha, ya ba masu cewa fifita harshe guda fifita kabila guda ne hujjar da suke nema.

Ƙwallon ƙafa yana da irin tasa karkatar, zan taɓa ta a gurguje domin ta haska wancan. A nan ba jiha da jiha ke takara a bakin ƴan jarida ba, Yamai ce da sauran ƙasa. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin zakarun ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta ɗauka a 1984, sauran shekarun kuwa kusan duka ƙungiyoyin Yamai ne ke juya shi tsakaninsu, irin su Sahel da Olympic da ƙungiyoyin sojoji da jandarma da duwan. Gidajen jaridu suna Yamai, manyan ƙungiyoyi suna Yamai, kuɗi suna Yamai, saboda haka wasan da aka yi a Arlit ko Tawa yakan zo a layi ɗaya, in ma ya zo. Yamai ɗin ita ma ba ta tsira ba, domin yaron da ke ajina ya haddace ƴan wasan Real Madrid da Barcelona har da na benci, amma bai san sunan mai tsaron gidan ƙungiyar garinsu ba. Da Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013 an yi ta murna, haka da Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo lambar azurfa ta taekwondo a Rio a 2016, shekara 44 bayan tagullar da Isaka Dabore ya samo a dambe a Munich a 1972. Kafin nasarar, mutum nawa aka gaya wa akwai su? Jaridarmu ta wasanni takan iso ne bayan an gama, ta shiga hoto.

Adalci ya wajaba a kaina ni ma, kada in aikata abin da nake suka. Tun da aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990, muryoyi sun yawaita, abin alheri ne, amma kuɗi ba su yawaita tare da su ba. Wakilin ƙaramin gidan rediyo da aka tura gasa sau da yawa a motar tawagar jiharsu yake tafiya, a masaukinsu yake kwana, a akushinsu yake cin abinci, kuɗin katin wayar da zai aiko da rahoto ma wani mai hali ne ya ba shi. Mutumin da ya kwana goma a haka, da wane baki zai ce ɗan kokowarsu gudu yake yi? Bakin da ya ci shi ke godiya. Da yawansu kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu dokokin wasan ko dabarun sharhi, murya mai daɗi da ƙarfin hali kawai aka gani aka miƙa musu makirufo. Wanda bai san sunan kamun da aka yi ba dole ya cike gurbin da kirari. Rabin abin da muke kira son kai rashin sani ne da rashin guzuri, gyaransa kuma yana hannun masu gidajen da hukumar kokowa, ba a hannun yaron da aka tura ba. Ban kuma ce rediyon jiha ba ta da ikon murna da nata ba. Rediyon Maraɗi da ke magana da mutanen Maraɗi tana iya cewa «namu», kowa ya san inda ta tsaya. Iyakarta dai kada ta canza abin da ya faru a ƙasa.

Wani abokin aikina, malamin tarihi, da muka yi wannan muhawara a ɗakin malamai, ya ce ina son in mayar da kokowa jana'iza. A ganinsa sharhi marar zuga kamar miya ce ba gishiri, jama'a kuwa za su murɗa rediyo su koma inda ake ihu. Yana da gaskiya ta wani gefe. Ba wanda ke son a ba shi labarin kokowa da muryar mai karanta sanarwar rasuwa. Amma zafi iri biyu ne: akwai zafin son wasan, akwai zafin son ɓangare. Na farko yana tashi duk lokacin da aka yi abin gwaninta, ko wa ya yi shi. Na biyu yana tashi ne in rigar da ake so ta yi sama, ya mutu in ta yi ƙasa. Mai sauraro yana rarrabe su ko bai san nahawu ba, domin yana jin inda murya ta ɗaga da inda ta dushe.

Na kuwa taɓa jin irin na farkon, ba a babban gida ba, a wata ƙaramar rediyon karkara da ke gabas da garinmu, lokacin zaɓen gunduma. Mai sharhin tsohon ɗan kokowa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ɗan ƙauyensu ne aka kayar, wanda kowa ya san shi ya rene shi a fage. Muryarsa ta ɗaga kamar yadda za ta ɗaga ga kowa. Ya ce baƙon ya yi kamar zai kai hannu wuya, nasu ya miƙe don ya kare, nauyinsa ya koma ƙafar hagu, baƙon kuwa dama ita yake jira, ya nutse ya ɗauke ta. Ya faɗi sunan baƙon da na ƙauyensu sau biyu, ya ce a riƙe sunan nan domin za a sake jin sa. Sa'annan ya ce nasu ya yi kuskuren da shi ma ya taɓa yi yana saurayi, ya gaya mana a wace kasuwa, da wanda ya kayar da shi. Duka bai fi minti ɗaya ba, aka kira na gaba.

Wannan naɗin ma na kai shi aji, na sa aka ja layi ƙarƙashin aikau. A jimla bakwai da ya yi a kan kayen, baƙon ne aikau a biyar, nasu a biyu, rairayi bai fito ko sau ɗaya ba.